Lefen Salman a Shafin Maijidda

Maijidda ba don sha'awa ta fara sayar da kayan mata ba, albashin koyarwa ne ya kai ta bango. Malama ce a wata firamare a Ikara, ga 'ya'ya biyu, Ni'ima 'yar aji uku da Zayyad da ke goye. Mijinta Misbahu kuwa, da damina ta faɗi, duk abin da ya shigo hannunsa gonar masara yake wucewa. Sai ta sayar da tumakinta, ta hau motar Kano wata Asabar, ta saro atamfa da leshi da abaya da mayafai a Kwari, ta dawo ta fara ɗaukar hotonsu a tsakar gida.

Shagon nata babu ƙofa babu haya, duk yana cikin waya. Da asuba, kafin ta ɗora ruwan koko, take sa hotuna a shafinta. Idan an tashi makaranta ta biya tasha da Zayyad a baya, ta damƙa wa direbobi ledoji, wannan ta Paki, wannan ta Makarfi, waccan ta Kudan. Sauran masu irin sana'ar sukan sa hoto su ce mai so ta yi magana a ji kuɗi. Ita ina ta ga wannan lokacin, wayarta a kashe take muddin tana aji. Don haka a ƙarƙashin kowane hoto takan rubuta farashi ɓaro-ɓaro, idan kaya ya fita ta ƙara da “an saya.” Kuma tun ranar farko ta rubuta a saman shafin cewa ba ta sayar da jabu. Matan da suka sha ƙonewa a hannun 'yan kasuwar waya suka gwada ta suka ga haka ne, suka riƙa gaya wa juna. Wannan sunan shi ne jarinta na gaske, in ya zube babu abin da za ta sayar ta maido shi.

Duk garin nan mutum ɗaya ce ba ta ga abin yabo ba, wato Hajiya Sabuwa, yayar Misbahu, wadda ta raine shi bayan rasuwar mahaifiyarsu. Tana aure a Makarfi gidan wani dillalin hatsi, kuma irin matan nan ce da in suka shigo gida sai ka rasa wane ne mai gidan. A bakinta sunan Maijidda “'yar tallan waya.” Amma da auren ɗanta Salman ya taso da wata yarinya Suwaiba 'yar Likoro ta ƙasar Kudan, sai ga Hajiya da kanta a Ikara, tana yatsina tana ɗaga kaya da yatsa biyu.

“Ba wai sun yi mini ba ne,” in ji ta. “Ƙafata ce ba ta son Kano yanzu. Ware mini wannan, da wancan leshin, da abayoyin nan duka.”

Maijidda ta ji daɗi har ranta. Ta zaci ranar da za a daina raina ta ce ta zo. Ta zaɓo mata mafi kyau, ta goge, ta ninke, ta ma ƙara mayafi biyu kyauta. Da Hajiya ta tafi, sai ta bi hotunan kayan ɗaya bayan ɗaya tana rubuta “an saya,” yadda ta saba yi wa kowa. Abin da ba ta sani ba, Hajiya ta je Umra a shekarar, kuma ta riga ta cika wa mutanen Likoro baki cewa lefen ɗanta ko tsinke ba za a saya a ƙasar nan ba, komai daga Saudiyya ta zo da shi. Ita kuma Hajiya waya a wurinta ta kira ce kawai, ba ta taɓa leƙa shafin da take zagi ba.

Ranar kai lefe ba a gayyaci Maijidda ba. Ta dawo daga makaranta ke nan da la'asar, tana tuƙa tuwo, ta ji an banko ƙofar gida babu sallama.

“Ina munafukar take?”

Hajiya ce, mayafi a kafaɗa, gumi na tsiyaya. Maijidda ta durƙusa. “Sannu da zuwa, Yaya. An kai lafiya?”

“Lafiyar uwar wa? Kin tozarta ni kin huta!”

A cikin masifar ne labarin ya fito. An buɗe akwatuna a Likoro, ana ɗaga kaya ana guɗa, Hajiya tana faɗin sunayen kantunan Makka da Jidda. Can sai gwaggon amarya, wata Wasila, ta ƙura wa wata abaya ido, ta zaro waya daga jaka, ta ce ita fa kamar ta san abayar nan. Ta buɗe shafin Maijidda. Ga abaya, ga farashi, ga “an saya.” Aka ɗaga leshi, shi ma ga shi. Kafin a kai akwati na biyu, duk 'yan matan gidan sun fito da wayoyinsu, ana ɗaga kaya suna rige-rigen faɗin kuɗinsa kamar a aji. Tukuicin da aka shirya ba masu kawo lefe ma sai da aka koma ɗaki aka rage shi.

“Wallahi Yaya ban san kin ce musu haka ba. Da kin gaya mini da na cire hotunan.”

“Au, ni zan zo in yi miki bayani? Ke wace ce?” Hajiya ta nuna ta da yatsa har yana taɓa goshinta. “Jibi za ki bi ni Likoro. Ki faɗa musu da bakinki, nawa kika gani, kika je Kano aka kwaikwayo miki masu araha kika sa a waya. Nawa na asali, naki jabu. Shi ke nan magana ta mutu.”

Maijidda ta ce, “Yaya, rabin masu sayen kayana 'yan Kudan ne. In na faɗi haka na kashe sana'ata.”

“Sana'a! Tallan tsumma a waya ne sana'a? To ki zaɓa, ko tsummanki ko dangin mijinki.”

Ta fice, ko kallon Ni'ima da ke gaishe ta ba ta yi ba. Tuwon kuwa ya riga ya kama.

Misbahu ya dawo daga masallaci ya riga ya ji komai, don Hajiya ta tare shi a hanya. Mutum ne mai sanyi, irin sanyin da kan ba mace haushi fiye da faɗa. Bai ɗaga murya ba, bai ce ta yi laifi ba, ya dai zauna yana murza hula a hannu.

“Magana ɗaya ce fa, Maijidda. Ki faɗa a wuce wurin.”

“Abban Ni'ima, ƙarya ce. Kuma ba a kan kowa za ta faɗo ba sai a kaina. Kuɗin makarantar Ni'ima daga ina yake fitowa? Maganin Zayyad fa?”

“Na sani. Amma ita ta raine ni. In ba ki je ba, da wane ido zan ƙara shiga gidan Yaya?”

“Ni kuma da wane ido zan ƙara sa hoto?”

Ya kifa hular a kansa. Ya tashi ya ce zai leƙa gona, alhali magariba ta kusa. Maijidda ta bi bayansa da kallo, ta ji ta tsane shi na ɗan lokaci, sannan ta yi istigfari.

Ta je ɗin. Ta roƙi wata malama ta riƙe mata aji, ta goya Zayyad, ta shiga motar da Hajiya ta zo da ita. Tun daga Ikara har suka ratsa gonakin raken Makarfi Hajiya sai jan tsaki take yi lokaci-lokaci. Maijidda tana ta jera maganar a zuciyarta, tana neman hanyar da za ta faɗe ta ba tare da ta ce “jabu” ba. Ba ta samu ba.

A Likoro an cika tsakar gida, don labari ya riga su isa, kuma mata ba sa ƙin irin wannan kallo. An shimfiɗa tabarmi kusa da rumbu, an fito da akwatunan an jera. Aka yi gaisuwa mai tsawo, ta gajiya da ta gida da ta damina, kowa na murmushi kowa na wasa wuƙa a ciki. Maijidda ta ɗaga kai ta ga mayafan da ta sayar a kan mata uku.

“To,” in ji Hajiya, “ga mai wayar nan na kawo muku. Yi musu bayani.”

Kafin ta buɗe baki Gwaggo Wasila ta gyara zama. Doguwa ce siririya, mai magana a hankali kamar tana lallashi, alhali yanka take yi.

“Bari in riga ki, Malama. Mu fa ba tsadar kaya muke bi ba, 'yarmu ba ta sayarwa ba ce. Mu dai a gaya mana gaskiya.” Ta kama gefen abayar da ke jikinta ta ɗaga. “Wannan a wurinki na saya da ƙaramar Sallah. Hajiya ta aiko mana cewa kayanki kwaikwayo ne. To ita ma wannan ɗin jabu kika sayar mini?”

Wata yarinya a bakin ƙofar ɗaki ta ɗaga waya, ko kunya babu, tana ɗauka. Maijidda ta gane duk abin da ya fito bakinta yanzu, kafin la'asar ya zaga Kudan da Makarfi da Ikara. Ta dubi Hajiya, Hajiya ta zare mata ido. Zayyad ya motsa a bayanta, ta jijjiga shi. Tsoro take ji sosai.

“Gwaggo, abayarki mai kyau ce,” ta ce. “Ban taɓa sayar wa kowa jabu ba. Kayan akwatunan nan ma ni na saro su a Kwari, ni na zaɓa da hannuna, kuma babu na kunya a ciki. Duk inda amarya ta sa su za ta fita kunya.”

Wata tsohuwa ta yi salati. Hajiya ta miƙe tsaye.

“Allah ya isa tsakanina da ke,” ta ce, ba da ƙarfi ba. Ta ja mayafi ta fita, aka ji tashin mota.

Idan Maijidda ta zaci za a rungume ta, to ta yi kuskure. Matan suka kwashe da dariya da tafi, amma dariyar ta cin nasara ce a kan Makarfi, ba ta ƙaunarta ba. Gwaggo Wasila ta sa aka kawo mata ruwa, ta bar ta ta sha, sannan ta ce, “Kin yi gaskiya, Malama, kuma zan ci gaba da sayen kayanki. Amma ni dai Allah ya tsare ni da matar ƙane irinki.” Aka sake dariya. Haka ta fito da goyo ta nemi mashin zuwa bakin titi.

Sana'a kam ba ta mutu ba, sai ma ƙaruwa, har daga Zariya ake aiko saƙo. Gida ne ya yi sanyi. Misbahu yana cin tuwonta, yana amsa gaisuwarta, iyakarta ke nan. Dangi suka daina kiranta, aka yi suna a Malikanchi sai a bakin maƙwabta ta ji. Ta riƙa gaya wa kanta cewa biki na zuwa, a taron biki ake shiryawa, za ta durƙusa gaban Hajiya a gaban kowa in ya so a zage ta a gama.

Ankon dangin ango ma ita ta kawo shi tun kafin rigimar, atamfa ruwan goro mai zanen ganye, an riga an raba an ɗinka, babu damar canzawa. Ranar ɗaukar amarya Misbahu ya bi maza tun da safe. Ita ta yi wanka, ta sa nata, ta ɗaura ɗankwali ya zauna daram, ta shirya Ni'ima cikin irinsa, suka tsaya a ƙofar gida suna jiran bas ɗin da ke kwasar 'yan Ikara. Bas ta zo cike da mata, duk cikin atamfar da ta ɗauko a ka daga Kwari. Aka buɗe ƙofa, wata ƙanwar Misbahu ta miƙo hannu ta ja Ni'ima ciki, ta ƙi haɗa ido da Maijidda.

“Anti, Hajiya ta ce yarinyar kaɗai.”

Aka ja ƙofa. Ni'ima ta manna fuska a gilashi tana kiran Umma, bas ta tafi. Maƙwabta na leƙe ta kan katanga.

Maijidda ta koma ciki ta yi kuka, kuka sosai, har Zayyad ya taya ta. Da ta gaji ta wanke fuska, ta sake shafa hoda, ta gyara ɗaurin. Ta jingina waya a kan taga ta ɗauki hoton kanta tsaye cikin ankon. Ta san sarai anko ba a nuna shi sai a wurin biki, kuma ta san in ta yi wannan, ita da gidan Makarfi har abada. Ta rubuta, “Ankon bikin Likoro na yau. Akwai saura.” Ta sa farashi a ƙasa, ta tura.

Ba a jima ba waya ta fara ruri, sunan Abban Ni'ima a kai. Ta kife ta a kan tabarma, ta kwance ɗankwalin, ta ɗauki Zayyad ta ba shi nono.