Belin da Wanzami Ya Mayar Mini

Daren jiya wani mafarki na yi, har yanzu ɗacinsa bai bar bakina ba.

Ga ni a iyakar Jamus sanye da fararen kayana na jinya, sai dai iyakar a bayan tashar motar garinmu take, dab da mai tsire. Ana ruwa, amma daga ƙasa yake tashi sama, kowa ya taka lemarsa. Ban yi mamaki ba. Damuwata ɗaya ce: gidan kula da tsofaffin da ya yi mini alkawarin aiki a can ya ce in na sake faɗuwa jarrabawar baka, wata za su ɗauka.

Mai jarrabawar kuwa doki ne, da tabarau, a bayan tebur.

"Frau Dayaba," in ji shi, wato Malama Dayaba.

"Ɗayyaba, ranka ya daɗe."

"Haka na ce. Faɗi sunana da Jamusanci."

Doki a yarensu Pferd ne: p da f a manne, ga r can cikin maƙoshi. Mu kuwa a wurinmu p da f duk kanwar ja ce. Na tattara leɓe na ce, "Ferdi." Rabin dokin ya ɓace, daga ciki zuwa wutsiya. Sauran rabin bai ji daɗi ba.

"Buɗe baki." Ya haska da tocila. "Ina belinki? Da shi ake kaɗa r ɗinmu."

"Wanzami ya cire tun ina jaririya, wai kada ya hana ni shan nono."

"To je ki karɓo."

Sai ga ni a rumfar Baba Tanimu, wanzamin unguwarmu, wanda ya daɗe da rasuwa. Ya shanya belin 'yan unguwa duka a igiya kamar busasshiyar kuɓewa. Ya ciro ɗaya, ya hure masa ƙura.

"Naki ne wannan, na shaida shi. Kin yi mini ihu ranar."

"Baba, a taimaka a mayar mini."

Ya leƙa bakina, ya girgiza kai. "Ya cika, 'yata. Ba wuri sai an rage kaya."

Ban tambayi wane kaya ba, mai nema ba ya fushi. Ya zaro aska daga zabira, ya aske lanƙwasar ƙ, da ta ɗ, da ta ɓ, ya watsa wa kaji. Ya tsaga p daga f kamar goro, sannan ya liƙa mini belin da yawu. Ko zafi ban ji ba, abin da ya fi ba ni haushi ke nan.

Na tsinci kaina gaban tebur. Na ce, "Pferd." Dokin ya dawo cif, har da wutsiya. Na ce "Pflege," wato jinya, aikin da na zo yi, ta fita sumul. Mutanen da ke layin jarrabawa a bayana suka tafa mini da kunnuwa. Raina kuwa ɓaci ya yi. Shekara da shekaru ina juya marasa lafiya, ina laluben jijiya a hannun jariri da hasken waya, ba wanda ya tambaye ni ko ɗaya a nan. Tsohon da zan je in wanke wa kashi, wai sai na iya kiran dokinsa.

"Saura tambaya ta ƙarshe, da yarenki," in ji dokin. "Sunanki?"

"Dayyaba."

"Kin gani? Dama haka na ce. Me kika zo nema a nan?"

Ƙasa nake nufi, ƙasar da zan yi aikina in ɗan huta. Na buɗe baki.

"Kasa."

Ya sauke tabarau. "Kasa kika zo yi?"

"A'a, ranka ya dade. Ba kasa ba. Kasa."

"Kun dai ji, da bakinta ta faɗa."

Na laluba lanƙwasar da harshe, babu. Na waiwaya, kajin Baba Tanimu sun gama tsince abinsu suna goge baki. Dokin ya tsoma kofato a tawada ya buga mini a goshi, ya kira ta bayana. Ta riga ta zauna, amma kofaton bai daina bugawa ba.

Ashe turmin Uwani maƙwabciyata ne, tana surfen gero a jikin bangon ɗakina.

Ina kwance na ce "ƙasa" a hankali. Ta fito da lanƙwasarta lafiya lau. Ban san ko in gode wa Allah ko in yi kuka ba, don jarrabawar da hantsin yau ce.