Layin Makau

"Tsaga shi, Turai. Tsaga bayan takalmin, ƙafar ta shiga."

Makau ne ke yi wa matarsa magana, yana zaune bakin gado, ƙafafunsa sun kumbura suna sheƙi. Balaraba maƙwabciyarsu, wadda katanga ɗaya ta raba su shekara da shekaru, tana tsaye ƙofar ɗaki da kwanon kunu.

"Baba Makau, wagga ƙafa za ka kai hilin zaɓe?"

"Ita gare ni. Ko za ki ara mini taki?"

"Tawa tana da aiki. Shinkafa na bisa wuta."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

Shekarar da soja suka ce za su koma bariki ke nan. Makau shi ne sarkin gayyar fadamar unguwarmu, nan gefen Gummi. Dokarsa ɗaya ce: in gangar gayya ta yi kira, ba a tambayar gonar wa. Da aka buɗe siyasa sai ya ce zai nemi kansila. An gina mana rumfunan kasuwa da ba wanda ya roƙa, awaki ke kwana ciki, alhali kwalbatin hanyar fadama ruwa ya cinye shi tun tuni. "Kansila ɗan aike ne," in ji shi. "Mu zauna gindin tsamiya mu yanke abin da muke so, shi ya kai sakatariya." Ranar nan jam'iyya za ta fid da ɗan takara, ƙato bayan ƙato: kowa ya tsaya bayan wanda yake so, a ƙirga.

Mata ba su je ba, don maza sun ce su sun isa. Amma Balaraba bazawara ce mai jikoki, ba mai tsare ta. Ta sauke tukunya ta bi su filin firamare.

Filin ya cika maƙil, ga kiɗa, ga kirari, ga masu rake da ƙosai. Umaru, ɗan kwangilar da ke karawa da Makau, ya kawo mutanensa cikin babbar mota. Duk da haka layin Makau ya wuce nasa, ya lanƙwasa har bayan ajin ƙarshe. Jami'in ƙirga ya ce ɗan takara a tsaye yake gaban layinsa. Aka kawo wa Makau kujera, ya ture ta, ya dogara sandarsa.

"Tsoho, ka zauna kar ka faɗi," in ji Umaru.

"Ɗana, ubanka ma bai ka da ni ba."

Fili ya ɗauki shewa. Jami'i ya fara ƙirga daga layin Umaru. Yana tsaka da taɓa kafaɗu sai hayaƙi ya turnuƙe ta wajen gulbi, gangar gayya ta biyo baya. Masu farautar gafiya sun cinna wa ciyawa wuta, iska ta kora ta wajen tarin shinkafar da ba a casa ba.

Layin Makau ya motsa kamar an taɓa maciji. Kowa ƙafa ɗaya a layi, ido a fadama.

"Baba, a ƙirga mu tukuna," wani ya ce.

"Mi ganga ta ce?" in ji Makau. "Ku tahi."

Suka kwasa a guje. Cikin ƙiftawar ido ba kowa bayansa sai tsofaffi masu sanduna da Balaraba. Mutanen Umaru, waɗanda yawancinsu ba su da ko dami a fadama, suka tsaya suna dariya. Balaraba ta dubi ƙafar Makau, ruwa na tsattsafowa ta tsagar takalmin. Ta ɗaure zane ta nufi unguwa, gudun da rabonta da shi tun tana budurwa.

Gida gida ta faɗa, ba ko sallamar kirki.

"Saratu, aje taɓaryar. Mijinki ya bar wurinshi a layi, ya tahi kashe wutar abincinki. Zo ki riƙe mishi."

"Inna, bai ce in hita ba."

"In ya dawo ya zo ya same ni. Ni na yanke mishi cibi."

Suka fito, wasu da goyo, wasu hannu duk dusa, wata da muciya ta manta ba ta aje ba. Turai ce gaba, lulluɓinta a karkace. Suka shiga fili suna haki, kowace tana neman inda mijinta ya tsaya.

"Nan nawa yake, bayan mai tabarma."

"Matsa, naki gajere ne, ba ya cin wuri haka."

Wakilin Umaru ya ce ba a yi da mata ba. Jami'i ya share gumi ya ce shi dai an ce masa ya ƙirga duk baligin mazaɓa. Ya bi layin yana nuni da biro, bai taɓa kafaɗar kowa ba. Makau bai waiwaya ba ko sau ɗaya. Da aka faɗi sunansa, Balaraba ta kama hanci ta rangaɗa guɗa, matan suka amshe. Daidai nan maza suka dawo baƙi ƙirin da toka, an kashe wuta, shinkafa ta tsira sai kaɗan. Mijin Saratu ya tarar da ita a wurinsa, sai ya tsaya bayanta.

A kafaɗa aka kai Makau gida, don ƙafar ta ƙi takawa. Bai sake fita ba. Kafin Juma'a ta zagayo numfashi ya yi masa nauyi. Dattawa suka zo da hantsi, Balaraba na tsakar gida tana taya Turai fifita kunu, tana jin su.

"Malam, in ta Allah ta kasance, wa kake so ya tsaya madadinka?"

"Ba ni zan faɗi ba. Ku zauna gindin tsamiya." Ya nisa. "A shimfiɗa tabarma biyu. Mata ma su zo."

Bayan azahar ya cika. Allah ya jiƙansa.

A ƙofar gida aka yi masa salla, maza suka ja sahu bayansa har bakin hanya, Umaru na cikinsu. Mata suna ciki. Balaraba ta tsaya bakin zaure tana leƙe ta ramin tufaniya. Da ta juyo sai ta ga Turai a bayanta, Saratu a bayan Turai, sauran sun jeru har gindin murhu. Takalmin da aka tsaga yana nan ƙofar ɗaki, ƙurar filin ba ta kaɗe ba.