Maharazu a Kowane Allo

Ni na fara jawo maganar, ba zan ɓoye ba. Sunana Lawwali, aski nake yi a bakin tasha a nan Illela, kuma allon shagona ya koɗe har kawunan da ke jikinsa sun koma kamar ƙore a kife. A garinmu allo ba ado ba ne. Wani Faransanci ya karanta, wani Turanci, wani ajami, da yawa kuma ba ko ɗaya, amma hoto kowa na karanta shi. In ba ka da hoto a ƙofar shago, sai mai neman aski ya wuce ka ya shiga wajen mai gyaran waya.

Duk wani allo na kirki a garin nan hannun Mukhtari mai fenti ne. Sai dai a lokacin wata biyu ke nan bai taɓa buroshi ba, tun rasuwar yayansa Maharazu, dillalin raƙuma a kara, kasuwar dabbobi, wanda ya rene shi ya kuma saya masa gwangwanin fenti na farko. Ranar jana'iza Mukhtari bai zubar da hawaye ko ɗigo ba. Shi ne shimfiɗa tabarmi, shi ne kai wa baƙi ruwa, mutane suna ta yaba tawakkalinsa. Ni da nake riƙe kansa duk Juma'a na san ba tawakkali ba ne, don wuyansa ya sandare kamar taɓarya. Na matsa masa da maganar allo, kashi ɗaya don tausayi, kashi biyu don maƙwabcina mai aski ya yo wani allon leda mai sheƙi daga Sakkwato, cike da kawunan 'yan ƙwallo.

Bayan kwana huɗu ya kawo aikin. Kawuna shida ne, kowane da irin askinsa: ga ƙwal-kwabo, ga saisaye, ga na samarin zamani mai tsaga a gefe. Aiki ya yi kyau, ba ƙarya. Matsalar ɗaya ce tak, duka shidan Maharazu ne. Ga wushiryarsa, ga faffaɗan hancin, ga girar hagu a ɗage kamar an gaya masa farashin da bai yarda da shi ba.

Na ce, "Mukhtari, wanga ai Maharazu na."

Ya dubi allon, ya dube ni. "Wane Maharazu? Wanga kai na dai, irin na kowane mutum. Kowa na da hanci."

Ban ja ba, na kafa allona. Shi kuwa daga ranar hannunsa ya kwance. Jabir mai kemis ya ba shi aiki, aka sami Maharazu a durƙushe ya dafe ciki. Sahabi mahauci ya sami Maharazu yana yi wa tsire dariya. Mai faci ya sami Maharazu rungume da taya. Wanda ya fi ba ni haushi da dariya lokaci guda shi ne telan mata, da ya ce a zana masa amarya cikin doguwar riga. Amarya ta fito da ɗankwali da 'yan kunne da jan baki, ga kuma girar hagu a sama. In ka yi wa Mukhtari magana, amsarsa ba ta canzawa, kowa na da hanci.

Abin da ban zata ba shi ne yadda gari ya karɓi abin. Dillalan kara suka mai da bencina majalisa, su zo da safe su gai da allo kafin su gai da ni. Nan ake tuna ranar da Maharazu ya sulhunta mai saye da mai sayarwa har su biyun suka tafi kowa na ganin shi ya cuci ɗan'uwansa. Wani tsoho daga Konni, da labarin rasuwar bai kai masa ba, ya shigo yana tambaya ko Maharazu ya bar raƙuma ya koma aski. Da aka gaya masa, sai ya zauna ya yi addu'a, sannan ya ce a yi masa aski na uku daga dama. Mukhtari kuma ya soma cin abinci, wuyansa ya saki, har na ji shi yana fito wata rana. Na ji daɗin wannan ƙwarai, don ina son mutumin.

Duk mun manta da mutum ɗaya, wato Hindatu, matar marigayin, wadda ke cikin gida tana takaba. Hindatu mai daddawa ce a kasuwar Lahadi, kuma mace ce da ko 'yan kamasho ke gyara tsayuwa in ta tunkaro. Ranar da ta fara fitowa da kwandonta, abin da ta fara cin karo da shi shi ne mijinta a ƙofar kemis yana fama da ciwon ciki. Ta ƙara gaba ta same shi da ɗankwali. Kafin ta iso shagona labari ya riga ta, dillalai sun watse, an bar ni da Mukhtari, shi kuma rabin kansa a aske, ba halin gudu.

Ta ce, "Mukhtari, mi yayanka yay yi maka?"

"Yaya Hindatu, ai ba shi na ba."

"Shekara ashirin da ukku nika kallon huskag ga, kai za ka hwaɗa mani? Mutum na kwance makwancinai kana yawo da shi kasuwa, yau zawo, gobe jan baki. Kahin Lahadi mai zuwa ina son in ga kowane allo hwari tas."

Ta wuce. Na ƙarasa askin. Sai da na kakkaɓe masa wuya ya yi magana, yana kallon ƙasa. Ya ce ya gwada zana wata fuskar, Allah ya sani, har hoton kalanda ya ajiye a gabansa, amma da ya kai kan gira sai hannun ya bi hanyarsa. Ya ce in ya shafe waɗannan, ya san buroshi ya ƙare masa, don ba shi da wata fuskar da zai saka a madadinsu. Ko a lokacin bai ce Maharazu ba ne. Cewa ya yi "mutumen nan".

Ranar Asabar da hantsi ya fito da bokitin farin fenti. Ya fara da amaryar tela, kuma gaskiya wannan ba wanda ya yi mata makoki. Ya shafe na kemis, Jabir na tsaye yana tsaki. Sahabi mahauci ya so ya hana, ya tuna wace ce ta ba da umarnin, ya koma kan namansa. Nawa ne na ƙarshe. Na yi shirin jawabi mai tsawo a kan cewa allo nawa ne, kuma dillalai takwas sun yi alkawarin mara mini baya. Muna hango Hindatu ta karyo kwana don ta ga aiki da idonta, jawabin ya gudu daga kaina, dillalan kuma kowa ya shiga duba takalminsa.

Mukhtari ya tsoma babban buroshi, ya ɗaga, ya tsaya. Fenti na ɗiga a ƙafarsa. Hindatu ta matso ta ajiye kwando. Ranar Lahadi a fusace ta wuce, ba ta tsaya ta duba ba, yau kuwa ta bi kawunan ɗaya bayan ɗaya, ta daɗe a kan kowane. A kan na samarin zamani ta yi ƙwafa.

"Wanga askin, da ya shigo mani gida da shi, da waje za ya kwana."

Wani dillali ya yi dariya, ya yi maza ya mai da ita tari.

Ta ce, "Ka gwada mani shi da aski shidda, ka gwada mani shi da ciwon ciki, har da kallabi. Abin da nika son gani shi kaɗai ba ka yi ba."

Mukhtari ya ce, "Mi?"

"Tsuhwa. Kullum sai in ce mai bari hurhura ta hito in ga ƙarshen wagga yanga. Yat tahi ko sili guda bai yi ba." Ta nuna bokitin da haɓa. "Ga hwarin fenti nan hannunka. Aje babban buroshin ga, ɗauko ƙarami."

Ya ɗauko ƙaramin daga aljihu. Ya zaɓi kai na ƙarshe, mai saisaye, ya fara da gefen kunne, sili-sili, ya gangaro gemu. Ya roƙi gawayi a wajen mai shayi ya ja layi biyu a goshi, ya ɗan zurfafa kumatu. Ba mai motsi a wajen, har 'yan kabu-kabu biyu sun kashe mashin sun tsaya. A gabanmu Maharazu ya kai shekara saba'in da Allah bai ba shi ba, girar nan tana nan a ɗage, ta yi fari.

Hindatu ta ce, "Ƙara kaɗan ga gemu." Ya ƙara. Ta gyaɗa kai, muryarta ta sauka. "Ashe tsuhwa za ta yi mai kyau."

Buroshin ya faɗi daga hannun Mukhtari. Ya zauna a bencina, kukan da ya riƙe wata huɗu da 'yan kwanaki ya ƙwace masa a tsakiyar tasha, da rana tsaka. Ni ma idona ya cika, ban kuma ji kunya ba. Ya ɗago hannu yana nuna allon, kamar mu ne ba mu sani ba.

Ya ce, "Yaya na. Wallahi Yaya na."