Kwana Tara Kawu Bai Ce Uffan Ba

Shekara goma sha huɗu ya yi yana gwajin ruwa a ma'aikatar ruwan sha ta ƙasarsu kafin wata jami'ar kimiyya a ƙasar waje ta ɗauke shi karatun digiri na biyu. Ya bar mata da 'ya'ya uku, ya hau jirgi da furfura a gemu, ya sauka cikin yaran da da ya yi aure da wuri da ya haife su. Tun makon farko suka sa masa suna Kawu. Bai ji haushi ba, ai kawun ne.

A darasin gwaje-gwaje aka raba ɗalibai uku-uku. Rukuninsu aka ba aikin auna yawan gubar dalma a ruwan wani kogi da ke bi ta bayan masana'antu. Shugaban rukunin ɗan ƙasar ne, saurayi mai saurin baki da ake kira Mai Gilashi. Ta ukunsu Doguwa, baƙuwa ce kamar Kawu amma daga wata ƙasar daban, ita ke riƙe da littafin rukuni saboda kyan rubutunta. Kawu ke awo da safe, ya rubuta sakamako a takarda ya bar mata, su kuma su shigo da rana su ci gaba daga inda ya tsaya. Haka dai ya ɗauka.

A mako na biyu Doguwa ta manta littafin a kan teburi, kusa da wurin wanke kwalabe. Kawu ya buɗe don ya ga inda aka kwana. Sai ya ga an raba kowane shafi gida biyu da jan layi. A saman na hagu an rubuta "Na Kawu". A saman na dama an rubuta "Na gaske".

Ya karanta sau uku. Duk kwalbar da ya auna da safe, sun sake auna ta da rana. Lambobin ma kusan ɗaya suke, bambancin bai kai a kula ba, amma kullum sai an sake. Bai cire farar rigarsa ba, bai fita cin abinci ba. Ya ja kujera ya zauna yana fuskantar ƙofa har suka shigo suna dariya.

Ya ɗaga littafin. "Wannan fa?"

Doguwa ta sunkuyar da kai. Mai Gilashi ya gyara gilashinsa ya ce, "Haba Kawu, kar ka ɗauka da zafi. Tabbatarwa ce kawai."

"Naka wa yake tabbatarwa?"

"Ni ai nan na yi digirina na farko, na san na'urar. Ku kuwa ba mu san irin kayan da aka koya muku da su a can ba. Ba raini ba ne wallahi."

"Ba raini ba ne?" Kawu ya miƙe. "Kai, yaro! Lokacin da na fara auna ruwan da gari guda yake sha, kai ana ɗaure maka igiyar takalmi. Tun kafin a haifi uwar mai sabulu balbela take da farinta. Da ka zo ka ce min, Kawu mu sake tare, wallahi da na sake da kai sau goma. Amma ku bi bayana kamar ɓarayi, ku rubuta nawa na ƙarya ne?"

Mai Gilashi ya ce, "Ba wanda ya rubuta na ƙarya."

"To mene ne kishiyar gaske a makarantarku?"

Ya juya ga Doguwa, ita ce ma ta fi ƙona masa rai. "Ke kuma, 'yata, da hannunki? Ke da muka tsaya layi ɗaya a ofishin baƙi ana juya takardunmu kamar an tsinto su a bola?"

Ba ta ɗago ba. Ya ajiye littafin ya fita.

Bayan kwana biyu ya lura da kwalbar. Kafin a auna komai sai an saita na'ura da wani ruwa na musamman da aka san adadin dalmar da ke cikinsa, shi ne mudun da ake gwada sauran da shi. Kawu ya ɗauko kwalbar ruwan saitin sai ya ji murfin yana sakwaf-sakwaf. Ya duba a haske. Murfin ya tsage, ga wani farin busasshen abu ya kewaye wuyan kwalbar. Ruwan yana ƙafewa kenan, yana ƙara kauri. Duk wanda ya saita na'ura da shi, za ta nuna masa gubar kogin ba ta kai yadda take ba.

Ya tsaya da kwalbar a hannu. Da ya faɗa wa mai kula da ɗakin gwaji magana ɗaya, da an canza ta. Amma sai ya mayar da ita inda take, ya juya tsagar ta kalli bango. Ya haɗa sabon ruwan saiti nasa shi kaɗai, ya ɓoye a aljihun teburinsa. Ya daina barin musu takarda. Su kuwa ba su tambaya ba, ga alama ma sun ji an rage musu aiki.

Ranar Lahadi ya kira gida. Bayan yara sun gama ƙwace waya a hannun juna, ya ba matarsa labari yana dariyar da ba ta kai ciki ba.

Ta ce, "Baban yara, kai ne kuwa? Kai da ka taɓa rufe famfon unguwa guda saboda abin da bai kai ƙwayar ido ba?"

"Wannan daban. Wanda bai ji bari ba ai ya ji hoho."

"Ka ce musu bari ɗin ne?"

"Ke ba ki ga shafin nan ba ne shi ya sa."

"Ban gani ba. Amma na san ka in zuciya ta ɗebe ka, sai ka ƙona rumbu don ka kashe ɓera."

Ya ce mata ana kiransa, ya kashe wayar.

Kwana tara yana kallonsu suna saita na'ura da ruwan tsagaggiyar kwalba. Wata rana har Doguwa ta ce masa ina kwana, ya amsa ba tare da ya kalle ta ba. Ranar miƙa rahoto suka miƙa nasu, shi ma ya miƙa nasa daban, da sunansa kaɗai a bango.

Farfesar da ke koyar da darasin mace ce ƙarama, mai magana a hankali, ba a taɓa jin ta ɗaga murya ba. Ta kira su ofishinta su uku, ta shimfiɗa rahotannin biyu a gabanta.

"Rukuni ɗaya, kogi ɗaya, amsa biyu. Wannan ya ce ruwan bai wuce ƙa'ida ba. Wannan ya ce ya wuce. Na sa an duba. Na Kawu ne daidai. Kwalbar saitinku ta lalace."

Kawu ya gyara zama. Wannan lokacin yake jira, har ya ji daɗinsa ya fara sauka masa a ƙirji.

Farfesa ta juyo gare shi. "Yaushe ka gane?"

"Kwana tara kenan."

"Wa ka faɗa wa?"

Kawu ya mayar da idonsa kan rahotannin.

"Rukuni huɗu ke amfani da kwalbar nan, ba naku kaɗai ba. Mutum goma sha biyu. Waɗannan biyun sun yi kuskure, kuskure kuwa shi muka zo koya a nan. Kai ka gani ka rufe. Ban karɓi ko ɗaya daga cikin rahotannin ba. Za ku sake aikin tare a hutun da ke tafe, kuma makinka zai zo ƙasa da nasu."

Kawu ya miƙe har kujera ta daki bango. "Ƙasa da nasu? Ni da na kawo amsar daidai? Ranki ya daɗe, kin ga littafinsu kuwa? Kin ga abin da suka rubuta a kaina?"

"Na gani. Abin kunya ne, kuma zai shiga takardar shugaban rukuni. Da ka kawo min tun ranar, da tuni na yi maganinsa. Wannan ba ya wanke wancan."

A baranda Doguwa ta tare shi, idonta ya yi ja. "Kawu, na yi laifi, na sani. Shi ya faɗa, ni na rubuta, tsoro ya hana ni musu. Amma ina gaishe ka kullum kana kallona ina zuba ruwan nan. Babata tana asibiti, hutun nan nake jira in je in gan ta. Ka huce yanzu?"

Bai huce ba. Yana jin haushin Mai Gilashi, yana jin haushin Farfesa, yana jin haushin matarsa da ta riga ta faɗa, ga kuma wani haushin da ya rasa wanda zai ɗora wa. Shi ma ya yi wa yaransa alkawarin zuwa. Da ya kira ya ce ba zai samu zuwa ba, babbar 'yarsa ta ce to, ta miƙa wa uwarta wayar.

Washegari ya koma ofishin Farfesa ba tare da an kira shi ba. Bai ba da haƙuri ba. Ya ce a bar Doguwa ta tafi gida, shi zai ɗauki rabonta na awo, in ta dawo ta yi lissafi da rubutu. Farfesa ta yarda.

Haka hutu ya same su su biyu a ɗakin gwaji, gini duk ya yi tsit, ba ka jin komai sai ƙarar firji. Ba gaisuwa tsakaninsu sai ta dole. A rana ta uku Mai Gilashi ya wanke kwalabe ya jera. Kawu ya ɗaga ɗaya a haske, ya ga ɗigon ruwa ya maƙale a cikinta, ya ture masa tiren gaba ɗaya.

"Ba su fita ba. Sake."

"Sau biyu fa na wanke, Kawu."

"Da sun fita da ruwan ya sulale, ba zai tsaya yana kallona ba. Sake."

Mai Gilashi ya yi tsaki ƙasa-ƙasa, ya naɗe hannun riga, ya buɗe famfo.