Katin Suwaiba Mai Mutum Huɗu

Wani mafarki na yi jiya da dare, kuma na san abin da ya jawo shi. Ranar Litinin na kai 'yata Suwaiba ƙaramin asibitin unguwarmu karɓar allurar suga, sai nas ta tsaya gaban benci ta ce daga wata mai kamawa an daina kati, komai cikin kwamfuta za a zuba, mutum ɗaya lamba ɗaya. Kowa ya ce madalla. Ni ma na ce madalla, amma a baki kawai. Shekara uku ke nan da yankar wa Suwaiba katin nan, kuma ba ita kaɗai ta yi ciwo da shi ba. Sabon kati sai ka yi sammako ka wuni a layi, mai ɗauko fayil kuwa ba ya ɗaga kai ya ga wa ke gabansa, ni kuma ban iya hana aro ba. Yayata Tabawa ta kai hawan jininta da shi. Maƙwabcina Ɗan'azumi mai faci da shi ya je ranar da babur ya karya masa ƙafa. Uwar Suwaiba ma, Lantana, da shi ta yi awon cikin autanmu.

A mafarkin asibitin yana nan inda yake, sai dai marasa lafiya duk suna tsaye a rana, kwamfutoci kuma suna kwance kan gadaje an lulluɓe su da bargo, fanka tana kaɗa musu. Layin da baya yake tafiya. Mu da muka riga kowa zuwa muka tsinci kanmu a bakin titi, sai da muka yi kamar za mu koma gida sannan muka iso gaban tebur.

Wata jar akuya ce a teburin, da tabarau, da biro a bayan kunne.

"Kati," in ji ta.

Na miƙa. Ta cinye shi tun daga kusurwa har hoton.

"Hajiya, shi ke nan gare mu," na ce.

"Shigar da bayanai nake yi, Malam Mati. Kar ka katse ni."

Gefen cikinta ya kawo haske kamar talabijin, rubutu yana gudu. Can ya mutu. Ta lumshe ido ta ce babu sabis, sai ta gama tuƙa. Muka jira. Suwaiba ta ce mini ƙishirwa take ji. A jakarmu allurar kwana biyu ce ta rage.

Da hasken ya dawo akuyar ta kira, "Suwaiba Mati." Yarinyar ta miƙe. Akuyar ta ce, "Ba ke ba."

Wata ƙofa ta buɗe, mai sunan ta fito. Gemun Ɗan'azumi ne a haɓarta, ƙafa ɗaya cikin filasta, ga ciki wata takwas, ga goro cike da kumatu irin na Yaya Tabawa, sannan an ɗora hijabin makarantar Suwaiba a sama. Ta durƙusa da ƙyar, ta ce da muryar mai faci, "Baba, ina kwana?"

Na ce lafiya lau, don ba a ƙin amsa gaisuwa.

Sai ga mu a ɗakin likita. Ban ga fuskarsa ba har na farka, ƙeyarsa kawai na sani. Ya ɗora abin jin bugun ƙirji a kan gilashin kwamfuta ya ce mata ta ja numfashi. Ta ja.

"Yarinyar nan shekararta ɗari da sittin da ɗaya," ya ce. "Ta yi ƙoƙari."

"Likita, sha biyar gare ta. Ga ta nan bayanka."

"Abin da ke bayana ba ya cikin tsari. Ƙafar ta haɗe, cikin yana motsi, jinin ya ɗan hau. Suga kuwa, alhamdu lillahi. Gwaji huɗu muka samu, uku lafiya lau, ɗaya ne ya yi sama. Mun tara mun raba huɗu, ya fito daidai. Ta warke. A dakatar da allura."

Nan take makaɗa suka shigo ta taga. Wasu manya masu babbar riga suka sauko daga silin da takardar yabo, aka rataya wa kwamfutar a wuya. Ɗayansu ya yi jawabi, ya ce tun da aka kawo na'ura ciwon suga ya ragu da kashi uku cikin huɗu a unguwar nan, kuma za a kai tsarin sauran unguwanni. Aka ɗauki hoto da mai gemun. Aka ce ni da Suwaiba mu matsa, muna tare haske.

Na duba ta. Ta rame har ina hango bangon ɗakin ta cikin kafaɗarta.

"Baba, ruwa," ta ce.

Ofishin gyara yana ƙarƙashin ƙasa. Muka yi ta sauka matakala har muka ɓullo kan rufin asibitin. Wata hawainiya ce ke riƙe da ofishin, tana ɗaga hannu ɗaya zuwa ga hatimi. An ce tun bara ta fara ɗagawa.

"Kuskure aka yi," na ce mata.

"Na'ura ba ta kuskure. Wa ya ba ta abin da ta ci?"

Mai gemun ta biyo mu tana jan filasta, ta tsaya kusa da ni.

"Sai ka faɗi sunayensu da bakinka," in ji hawainiyar, "a gaban jama'a."

Na leƙa ƙasa, ashe duk unguwarmu ce ta taru, har da mutanen sahun gaba na masallacinmu, kowa ya ɗaga kai.

Bakin mai gemun ya buɗe, muryar Yaya Tabawa ta fito: "Mati, ni za ka tona wa asiri? Ni da na goya ka har ka yi mini fitsari a zanen Sallah?"

Sai muryar Ɗan'azumi: "Haba maƙwabci. Ƙafa ɗaya tal na karya a katin nan."

Sai ta Lantana, a hankali: "Malam, kai fa ka ce in ɗauka, yana ƙarƙashin katifa."

Suwaiba ta jingina da hannuna, ban ji nauyin komai ba. Na share murya na faɗi sunayen ɗaya bayan ɗaya, na ƙara da nawa, na ce ni na bayar. A ƙasa kowa ya sa hannu a aljihu ya dafe nasa katin.

Hawainiyar ta ba ni rariya ta ce in tankaɗe. Na ɗora mai gemun a kai, ba ta fi kwanon gari nauyi ba. Na yi ta kaɗawa. Gemu ya tsaya a sama, da filasta, da goro, da cikin. Abin da ya zubo ƙasa lambobi ne ƙanana kamar tsabar gero, kuma duk na gane su. Ga ta ranar da ta faɗi a filin makaranta aka kawo ta a kafaɗa. Ga ta washegarin Sallah da ta ɓuya bayan ƙofa ta ci alkaki. Ga wasu guda bakwai masu kyau a jere, na makon da ta koyi yi wa kanta allura ba ta yi kuka ba, ni ne na fita waje. Na tsince su tas na zuba a hulata.

Na kai wa likita, bai juyo ba. "Wannan a hula yake," ya ce. "Kai wa akuya."

Akuyar ta cinye lambobin, ta haɗa da hular. Cikinta ya kawo haske, sunan Suwaiba ya fara fitowa harafi ɗaya bayan ɗaya. Saura biyu ya mutu. Ta lumshe ido ta soma tuƙa.

Ƙafafun Suwaiba suka bar ƙasa. Iskar fankar kwamfutoci ce ke ɗaga ta. Na kama bakin hijabinta da hannu biyu, na ce, "Hajiya, don Allah ki haɗiye."

Akuyar ta buɗe baki za ta ba ni amsa, sai ƙarar injin markaɗen bayan gidanmu ta fito.

Gari ya waye har rana ta shigo ɗaki. Na jiyo Suwaiba a tsakar gida tana wanke kwanuka. Na ɗaga katifa, ban ga komai ba.

"Lantana, ina katin yarinyar nan?"

"Matar liman ta zo ɗazu, haƙori ya hana ta barci. Na san ba ka hanawa."

Na zauna bakin gado. Sannan na jawo takalmina na tambaye ta ta wace hanya matar liman ta bi.