Abin da Ya Rage a Kaset

Khalilu tela ya dawo daga shagonsa na unguwar Ƙurban a Madina bayan azahar, ƙafafunsa sun kumbura da taka keken ɗinki. An gama aikin hajji, lokacin da kowane alhaji ke kawo yadi da safe ya ce da yamma zai tashi. Babu abin da yake so illa ya sha ruwa ya miƙe a tabarma. Sai ya tarar da matarsa Fatna a gaban rakoda, ta gyara zama kamar mai gaida suruka, tana jero sunaye.

Wasiƙa take yi. Fatna ba ta iya rubutu ba, yayarta Shafa'atu da ke can Sudan ba ta iya karatu ba, don haka duk shekara kaset ke kai musu saƙo. Bana Hajiya Rakiya ce za ta kai, 'yar garinsu da ta zo hajji, kuma bayan la'asar motarsu za ta kama hanyar Jidda.

Fatna ta yi sallama ta danna maɓalli. Sai a nan idon Khalilu ya sauka a kan gidan kaset ɗin da ke yashe a tabarma, mai tsagewa a kusurwa. Nan take ya gane shi.

"A ina kika samo shariɗin nan?"

"A akwatinka, ƙarƙashin fasfo," in ji ta. "Ba rubutu a jikinsa, na ce sabo ne. Me ya faru, Abu Usmanu?"

Ya zauna a gefenta. Kafin allura ta zama sana'arsa, Khalilu ya yi shekara goma sha ɗaya yana goga kamanja, gogen Larabawa, a wata ƙungiyar makaɗa ta Omdurman. Irin makaɗan nan ne masu sa kwat su zauna a kujeru, waƙa ɗaya ta ci kusan sa'a guda, jama'a su yi tsit. A gefensa Abdussamad ke zama da udu, molonsu mai ƙaton ciki, kuma shi ne mijin Shafa'atu. A 1974 suka yi wasansu na ƙarshe tare a wani babban zaure, wani ma'aikacin rediyo ya juye wa Khalilu shi a kaset. Shekara ta zagayo Abdussamad ya rasu. Khalilu ya sayar da kamanja ya taho Madina.

A nan kuwa, mutum mai furfura da ke sahun gaba a masallacin Ƙuba, ina shi ina kiɗa? Tsoron bakin maƙwabta ya sa ya kankare rubutun kaset ɗin da reza. Sai Fatna ta tafi suna ko gaisuwar mutuwa yake fiddo shi, ya rufe taga, ya rage murya har sai ya kara kunne. Shekara goma ke nan, ko ita bai gaya wa ba. Yanzu wa zai kama da laifi? Ya so ya yi faɗa, ya duba cikinsa bai sami ƙarfin yi ba.

Ya mayar da kaset ɗin farko ya kunna. Inda ya kamata kamanja shida su shigo tare, Fatna ce ke ba da labarin ciwon gwiwarta. Ya tura gaba, Fatna na bayanin yadda ɗansu Usmanu ba ya amsa mata sai da Larabci. Ya juya ɗaya gefen, Fatna na gaida mutanen gidan liman, manya da yara, har da wanda aka haifa bara. Matar nan in ta kama gaisuwa ba ta barin ko akuya.

Sai muryarta ta yi sallama, aka ji ƙas. Wani ya yi gyaran murya, irin wadda Abdussamad ke yi kafin ya taɓa tsirkiya. Udu ya shigo shi kaɗai, a hankali, ba ganga ba kamanja. Can wani daga cikin jama'a ya ce, "Allah." Bai fi minti uku ba zaren ya ƙare. Na kamanjar Khalilu kam ba abin da ya tsira, ko sauti ɗaya.

Fatna ta san wannan gyaran muryar. Ta rufe baki da mayafi, hawaye na zuba.

"Wallahi ban sani ba. Ma'alesh, ka yafe mini. Ka riƙe shi, khalas, bana Yaya ta haƙura."

Ya so ya riƙe, ba ƙarya. Minti ukun nan su ne kaɗai shaidar cewa ya taɓa zama wani abu ban da mai auna wuyan alhazai. A kai a juye kuma, shagunan kusa da Harami karatu da wa'azi suke juyewa, ba zai iya miƙa musu wannan ba, motar ma ba za ta jira ba. Amma ya tuna Shafa'atu, wadda tun da aka fita da gawar mijinta ba ta sake jin hannunsa a udu ba, shi kuwa Khalilu yana nan ya danne mata shi da fasfo. Kunya ta kama shi, ga gajiyar ɓoyo.

Ana idar da la'asar Hajiya Rakiya ta yi sallama, da jarkar zamzam da ƙullin dabino, tana ta sauri. Khalilu ya sa kaset ɗin a gidansa, ya naɗe shi da ƙyallen da ya rage daga wata jallabiya, ya ɗinke bakin da hannu. Ya daɗe yana ɗinkin fiye da yadda ya kamata.

"Hajiya, ki ce wa Shafa'atu in Fatna ta yi sallama kada ta kashe rakoda. Ta bar shi ya ci gaba."

"Kai ma ka sa naka saƙon ke nan, Alhaji?"

"A'a," in ji Khalilu. "Na maigidanta ne. Ya daɗe a wurina."