Na'ura Mai Da'ira Bakwai

Saura kwana tara Halyna Yaremchuk ta kare kundinta na digirin dakta, sai ga saƙo daga Farfesa Gaétan Archambault, mai jarrabawar da aka gayyato daga birnin Kebek. Layi biyu ne kacal. Ya ce zai biyo ta garinsu ranar Talata, yana son su sha kofi da hantsi, ta zo da shafi na sittin da ɗaya na kundin.

 Kowa a fagen iliminsu ya san Archambault ba ya raga wa kowa. An ce akwai ɗalibin da ya taɓa tsayarwa a gaban allo da tambaya ɗaya tak, har allin hannunsa ya jiƙe da gumi.

Shekara biyar ta yi tana fama da na'urorin da ba su da ƙarfe ko waya, iyakarsu takarda: da'irori ne da kibau a tsakaninsu. Na'urar takan karanta kalma harafi bayan harafi, tana tsalle daga wannan da'ira zuwa waccan, a ƙarshe ta ce ta karɓa ko ta ƙi. Halyna ta kafa hujjar cewa in aka haɗa na'urori biyu na wani dangi suka zama ɗaya, da'irorin sabuwar ba za su taɓa wuce wani adadi ba. A kan wannan magana kundin duka yake tsaye, haka ma takardar da take shirin aika wa mujalla da sunanta ita kaɗai.

Ta kai wa malaminta, Dakta Lorne Pettigrew, saƙon. Ya buɗe shafin, ya karanta sau biyu yana taunar biskit, ya ce shi dai bai ga komai ba, ƙila tsohon hira yake so. Lorne mutumin kirki ne, amma ko gida na cin wuta zai ce ɗumi ne.

Ranar Talata ta iske tsohon a shagon kofin da ke gindin sashensu, ya rataye kwat ɗinsa mai ɗigar ƙanƙara a bayan kujera. Ko gaisuwar kirki ba su gama ba ya jawo shafin, ya ɗora yatsa a kan layi na tara, inda ta rubuta "a bayyane yake cewa".

"A bayyane ga wa, 'yar nan?" ya ce. "Ni dai tsufa ya ci mini ido. Kwana uku ina dubawa, bai bayyana gare ni ba."

Ta ce ai ta sa kwamfuta ta gwada duk na'urorin da ba su wuce da'ira shida ba, ko ɗaya ba ta saɓa ba. Ya gyaɗa kai, ya zaro tsumman takarda na goge baki, ya zana da'ira bakwai da kibansu, ya tura mata.

Ta bi kiban da bakin alƙalami. Ta sake bi. A karo na uku ta ajiye alƙalamin, don na'urar ta wuce adadin da hujjarta ta kafa da ɗaya. Ɗaya tak, amma a wannan sana'a ba a san "saura kaɗan" ba, ko hujja ta tsaya ko ta rushe. Kunya ta fi tsoro kama ta. Wannan "a bayyane yake" ta rubuta shi ne shekara uku da suka wuce, wata ranar da ta gaji, kuma duk wanda ya karanta bayanta ya tsallake shi kamar yadda ta tsallake.

"Farfesa, me ya sa ba ka bari sai ranar jarrabawa ba? Haƙƙinka ne."

"In faɗa a gaban jama'a, ki suma, a ce na kashe 'yar mutane? Sha kofinki, yana hucewa. Rami na nuna miki, ban ce gidan ya faɗi ba."

Suka hau sama, suka sami aji da babu kowa. Tun hantsi har la'asar suna gaban allo. Ita ke rubutu, shi yana zaune a kan tebur yana kaɗa ƙafa, yana cewa bai yarda ba. Sau huɗu ta kawo gyara, sau huɗu ya huda shi. Can sai ya ce, kamar mai magana da kansa, ko me zai faru in aka ware na'urorin da kibansu ke zagaye biyu masu tsawo daban. Ta tsaya da alli a hannu. Daga nan ta ga hanya, kuma a kwana shidan da suka rage kafin jarrabawa ita kaɗai ta bi ta har ƙarshe: hujjar ta tsaya ga kowace na'ura ban da wannan ƙaramin dangi, su kuma ta samo musu nasu adadin. Kundin ya fi da kyau, ko Lorne ya faɗa, bayan ya gama ba ta haƙuri.

Ranar jarrabawa tsohon bai sassauta ba ko kaɗan. Awa biyu yana juya ta, ta amsa duka, aka ce ta ci.

Abin da ya hana ta sakewa a wajen walimar da aka yi bayan jarrabawar shi ne takardar mujalla. A fagensu, duk wanda ya kawo dabarar da ta buɗe hujja sai sunansa ya shiga, kuma ba a duba wa ya fi wahala, bisa jerin haruffa ake rubuta sunaye. Archambault zai zo farko, Yaremchuk a bayansa. Ta san abin da zai biyo baya: a taro a ce "sakamakon su Archambault", shekara biyar ɗinta ta koma cikin "su". Duk da haka ta ga ba ta da bakin yin shiru. Ta same shi a bakin ƙofa yana fama da maɓallan kwat, ta ce za ta sa sunansa, tun da ka'ida ce.

Ya ce bai yarda ba, tambaya ya yi, tambaya kuwa aikin mai jarrabawa ne. Ta nace. Sai ya bar maɓallan, ya gaya mata cewa takardarsa ta farko da wata abokiyar karatunsa suka yi ta, Solveig Wennberg, kuma kashi uku cikin huɗu na aikin nata ne. Ya faɗa a taro, ya faɗa a rubuce, ba wanda ya ji. Bayan shekara biyu ta bar fagen, ta koma koyar da lissafi a wata sakandare.

"Shekara talatin da takwas ke nan ina jin ana kiran aikinta da sunana," ya ce. "Naki kam da naki za a kira shi. Kada ki sake tayar mini da maganar."

 Idanun Halyna suka cika da hawaye, ba ta kuma ɓoye ba. Ta miƙa hannu ta ɓalla masa maɓallin wuyan da ya gagare shi, ta riƙe masa ƙofa ya fita.